Ranar da Baba Ya Yi wa Jita Ɗori

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kuma ina so in kashe bakinta tun ina da sauran ƙarfi. Kun taso kuna jin wai kakanku, Malam Garba mai ɗori, shi ne ya karya wuyan jitar da ke rataye a ɗakina, wai ya kama ni ina kaɗa ta ya maka mini ita a gadon baya. Kwanan baya har na ji Auta yana ba abokansa labarin da ƙarin gishiri, wai da jitar ta karye sai tsohon ya rarumo taɓarya. Ban san wanda ya fara ƙirƙiro wannan ba, ko da yake ina zargin uwarku, don ita duk labarin da ya shafe ni sai ta barbaɗa masa yaji kafin ta ba mutane. To ku saurara. Da karayarta na sayo ta a kasuwar Jega, kakanku kuwa shi ne ya yi mata ɗori da hannunsa, a tsakiyar zaure, mutane suna kallo.

Sai na fara gaya muku yadda gidanmu na Aliero yake a lokacin, don yanzu kun gan shi da bulo da kwano kuna zaton haka aka haife shi. Zaure ne babba na ƙasa, bayansa ɗakunan majinyata a jere, sannan cikin gida. Ɗori gadonmu ne tun kaka da kakanni, kuma ana kawo mana masu karaya daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba har yau. Wani jirgin ruwa ya kawo shi rabin hanya, wani a bayan motar albasa, wani a kan amalanke. Gadon yana da sharuɗɗansa waɗanda ko yaron goye na gidan ya san su. Duk karayar da aka shigo da ita ta ƙofar zauren ba a mayar da ita, ba a tambayar mai ita garinsu ko addininsa, ba a yanka masa farashi. Baba yakan ce ranar da ka kori karaya, ranar albarka za ta bar hannunka. Da idona na ga ya ɗora ƙafar akuya, na ga ya ɗora ta jaki. Sannan wanda ya ɗaure shi ke kwancewa, kuma ba a sallamar majinyaci sai ya taka a gaban mai ɗori.

Aikin kansa kowane ɗa na gidan yana koya, daga riƙe ƙafa har zuwa feƙe tsinken gora. Amma addu'ar da ake tofawa, wadda ita ce gadon na ainihi, mutum ɗaya ake ba. Uba zai kira wanda ya zaɓa, ya karanta masa ita a kunne, ya tofa masa a tafin hannu, shi ke nan zaure ya zama nasa bayan ransa. Lokacin da nake ba ku labari Baba bai ba kowa ba tukuna. Mu biyu ake dubawa, ni da Sani ɗan ƙanensa. Ba zan ɓoye muku ba, ina son gadon nan kamar raina. Tun ina ƙarami babu abin da ke faranta mini kamar in ga mutumin da aka shigo da shi a kwance ya fita da ƙafarsa yana yi wa Baba addu'a.

Sai dai zuciya ba ta tsaya a so ɗaya ba. Ina saurayi aka kawo mana wani tsohon soja mutumin Zuru, ana ce masa Kofur, cinyarsa ta karye a haɗarin babur. Karayar cinya kuwa zama take so, watanni mutum yana kallon azara. Kofur ya zo da jita, da ita yake kashe zaman. Ni ne mai kai masa ruwa da abinci, kuma daga tsayuwa a bakin ƙofa na koma zama a gefen tabarma, daga nan ya fara nuna mini inda ake danna yatsu. Kafin ya warke ina iya fitar da taken waƙoƙin da mata ke yi wajen daka, yana dariya yana cewa jitarsa ta koyi Hausar Kabi. Baba yana ji, bai ce uffan ba, domin baƙo ne kuma majinyaci. Ranar da Kofur ya taka aka sallame shi, ko ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Baba ya kira ni.

“Ummaru, baƙo ya tahi da kiɗinai,” in ji shi. “Gidan ga ba mu gadi roƙo ba. Hannun da ka jan tsarkiya ba ya taɓa ƙashin mutane. Ka jiya?”

“Na jiya, Baba.”

Na ji ɗin, kuma shekaru suka wuce ban sake taɓa jita ba. Na yi aure, aka haifi babbanku, ina noman albasata ina aiki a zaure. Amma yatsuna ba su manta ba. Uwarku ta sha kama ni ina danna ƙotar fartanya kamar mai kiɗa, ta ce in dai fartanyar ta yi waƙa in kira ta ta zo ta taka rawa.

Sai ga shekarar da aka ba mu jiharmu. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da Kebbi ba za ku gane irin murnar da aka yi ba. Ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin ofis ba sai ka ji tana cewa yanzu mun zama masu kanmu. Kullum manyan motoci suna wucewa ta hanyar garinmu daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ɗauke da ma'aikata da iyalansu, gadaje da kujeru da tukwane an ɗaure da igiya, wani lokaci har da akuya a sama tana kuka. Albasa kuma ta yi kyau a ranin da ya biyo, 'yar gayaunata ta ba ni abin da ban zata ba. Na sayar, na yi wa gida abin da ya kamata, na sa sauran a aljihu na hau mota zuwa kasuwar Jega da niyyar sayo rediyo.

Ban kai rumfar masu rediyo ba. A layin 'yan gwanjo, tsakanin wata tsohuwar fitila da tarin takalma, na hango wata jita a jingine. Wallahi nan na tsaya cak. Wuyanta ya karye daga can sama kusa da kai, ya langaɓe gefe, ɗan sauran itace ne kawai ke riƙe da shi. Tsarkiya biyu suka rage, su ma sun yi tsatsa. Kunne ɗaya na ɗaure tsarkiya ya ɓace, a cikin cikinta kuma zanzaro ya gina gidansa. Mai rumfar wani dattijo ne mai surutu, ya ce daga motar wani ma'aikaci ta faɗo a kwanar shiga gari, mai ita ya duba ya ga ta tashi aiki ya bar masa ita.

“Molon Turawa na,” in ji shi. “Ka sai ma yara su yi wasa. In sun gaji, uwargida ta hura wuta da shi.”

Na ƙwanƙwasa bayanta da yatsa. Ta amsa da wata murya mai zurfi, irin ta tulu sabo. Nan na san cikinta lafiya lau, wuyan ne kawai. Na yi ƙoƙarin ɓoye zumuɗina don kada ya tsauwala, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Na taya ya ce albarka, na ƙara ya ce albarka, har dai kuɗin rediyo suka tafi gaba ɗaya, ya sallama yana yi mini kallon wanda aka yi wa asiri. Daga nan na kai ta wurin wani kafinta a bayan tasha. Mutumin ya juya ta sau ɗaya, ya ɗauko ƙusa irin ta rufin ɗaki da guduma. Na fizge kayata na yi gaba, yana kirana yana cewa ai ƙusa biyu kawai za ta ci.

Sai da na tsaya a tasha da jita a cikin buhun albasa sannan hankalina ya dawo jikina. Ina zan kai ta? Motar Aliero tana lodi a gabana, na juya mata baya na shiga a-kori-kurar Maiyama. A can Gwaggo Kulu take, yayar Baba, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Mijinta ya rasu, tana zaune da sana'arta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma duk duniya ita kaɗai ce ke kiran Baba da sunansa gatsal ya amsa da ladabi. Na zazzage buhun a gabanta, ta daɗe tana kallo.

“Wagga aba ita ta cinye maka albasa?”

“Ita ta, Gwaggo.”

“To Allah shi kyauta. Wasu mata ka cinye musu dukiya, kai itace. Aje ta bayan randa, in ga wanda za ya shigo ɗakina ya ɗauka.”

Na koma gida da yamma ina ganin na yi dabara. Na manta zancen duniya ba ya ɓuya, balle a tashar Jega inda rabin direbobin Baba ne ya ɗora musu hannu ko ƙafa. Washegari da hantsi muna zaure aka shigo da wani mahauci daga Jega, Na-Allah, ƙato ne wanda shi kaɗai ke kayar da bijimi, ƙwabrinsa ya karye. Na matso zan riƙe ƙafar kamar kullum, sai Baba ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

“Sani, zaka ka riƙa. Ummaru ya samu wata sana'a, an ce molo yas saye. Kada mu ɓata mai yatsu.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga ranar komai Sani. Sani kawo tsinke, Sani riƙe nan, Sani duba majinyacin ɗakin ƙarshe. Ni kuwa sai in zauna a bakin ƙofa kamar wanda ya zo jiran mota. Sani mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, shi kansa kunya ta hana shi haɗa ido da ni. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na ga gadon da na yi shekaru ina yi wa bauta yana sulalewa daga hannuna saboda itacen da ko kaɗa shi ban yi ba. Da abin ya ishe ni na koma Maiyama na ce wa Gwaggo ta sa jitar a murhu ta soya ƙuli-ƙulinta, in je in gaya wa Baba an ƙone.

“In na ƙone ta ka daina sonta?” ta tambaye ni.

Na kai idona bayan randa inda take.

“To ka gani. Tashi ka tahi gida. Ka biya Jega ka sawo min abin nan da kahintoci ka liƙa katako da shi, ka aiko min. Sauran zance ba naka na ba.”

Ban san abin da take ƙullawa ba, kuma da na sani da na hana ta, don haka gara da ba ta gaya mini ba. Bayan 'yan kwanaki, da safe zaure ya cika, masu jinya da masu gaisuwa da majinyatan da ke iya fitowa shan iska, sai muka ji salati daga waje. Muryar Gwaggo ce. Ta shigo tana haki, ta goyo wani abu a baya da zane da majanyi, ta lulluɓe shi da mayafi tun daga sama har ƙasa.

“Garba! Garba, karaya! Wuya na, ka taimaka!”

Karayar wuya ba wasa ba ce. Baba ya miƙe zumbur, tsoho da shi, ya janyo tabarma da kansa ya shimfiɗa.

“Bisimilla, Yaya, shigo da shi. Sannu a hankali, kada ki girgiza shi. Ɗan wa na?”

“Ka karɓa?”

“Na karɓa mana, aje shi!”

Gwaggo ta durƙusa, ta kwance majanyi a hankali kamar mai sauke jariri, ta kwantar da goyon a tabarma, ta yaye mayafin. Ga jitata kwance, wuya a langaɓe. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na-Allah mahauci ne ya fara, daga inda yake jingine da ƙafarsa a miƙe. Ya yi ƙoƙarin danne dariyar ta ƙi, ta fito masa ta hanci, daga nan kowa ya ɓarke. Baba kaɗai ne bai yi ba.

“Yaya, wanga wane irin wasa na? Itace na fa.”

“Jakin da kaɗ ɗora ma ƙahwa bara, limamin wane gari na?” in ji Gwaggo. “Ni dai da kunnena nij ji ubanmu. Cewa yay yi karaya, bai ce ta mai rai ba. Ta ƙohwa ta shigo, kuma ka ce ka karɓa, ga shaidu. In korar ta za ka yi, kore ta, in maida goyona.”

Baba ya dubi ƙofa, ya dubi mutane, ya dubi yayarsa. Gaba kura baya sayaki. Ya san wasa ne, amma ya san kuma bai taɓa mayar da abin da ya ce ya karɓa ba, kuma ba a kan Gwaggo Kulu zai fara ba. Ya daɗe a tsaye yana shafa gemu. Can sai ya tsuguna, wai don ya ture ta gefe, amma hannun mai sana'a ba ya ganin aikinsa ya ƙyale. Yatsunsa suka sauka a kan karayar, suka bi ta sama da ƙasa, ya ɗan karkata kai yadda yake yi in yana sauraron ƙashi.

“Karaya guda ta,” ya faɗa kamar mai magana da kansa. “Ba ta dagargaje ba.” Sai ya ɗaga murya. “Wa as san jikinta?”

Sani ya sunkuyar da kai, na san da gangan ya yi.

“Ummaru, zaka ka riƙa.”

Rabon da ya kira ni aiki har na fara mantawa. Na durƙusa na riƙe gangar jikin. Gwaggo ta miƙo gwangwanin gam, Baba ya buɗe ya sansana ya yamutsa fuska, ya ce wannan maganin asibiti ne, amma tunda 'yar Turawa ce a ba ta abin da jikinta ya saba da shi. Muka shafa a bakin karayar, ya ja wuyan a hankali ya mayar da shi mazauninsa, ya ce a miƙo tsinke. Ni kuwa babban yatsana yana kan wurin, kuma na ji abin da ido ba ya gani. Gefe ɗaya ya ɗara ɗaya da abin da bai fi kaurin gashi ba. A ƙafar mutum nama zai rufe wannan, amma a jita in ta kama haka tsarkiya za ta riƙa gogar itace har abada. Tunda aka haife ni ban taɓa gyara wa Baba aiki ba. Ranar na fara.

“Baba, bai zamna ba tukuna. Da saura kaɗan, nan wajen hagu.”

Dariyar zauren ta ɗauke. Baba ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ke sa mu fitsari muna yara. Sannan ya rufe ido, ya ɗora yatsansa inda nawa yake, ya bi wurin sau ɗaya, ya sake bi. Ya ɗan murɗa wuyan, muka ji ya faɗa daidai. Bai ce na yi gaskiya ba, kakanku ba ya faɗin irin wannan. Amma ya kama yatsana ya juya shi yana dubawa kamar yau ya fara ganinsa, sannan ya saki.

Ya jera tsinken gora gefe da gefe, ya aika aka karɓo ɗanyar fata wurin mahauta aka yanka ta siri-siri, ya naɗe wuyan da ita tam, don in ta bushe ta ƙara matsewa. Da ya gama, sabo ya yi halinsa. Kafin ya ankara ya karanta addu'a ya tofa mata, ya lakato man shanu ya shafe wurin. Na buɗe baki zan ce itace ba ya son mai, Gwaggo ta taka mini ƙafa. Wannan ne dalilin da har yau in rana ta yi zafi kuke jin ɗakina yana ƙanshin man shanu, ba wai ina ɓoye wani abu ina ci ni kaɗai ba kamar yadda uwarku ke faɗa.

“A kai ta ɗakin majinyata,” in ji Baba. “Kada a motsa ta sai na ce. Mai ita shi ka jinya.”

“Mi za a hana ta ci?” in ji Gwaggo, fuskarta ba alamar wasa.

Baba ya juya baya da sauri yana gyara tabarma, amma na ga kafaɗarsa tana motsi.

Makonnin da suka biyo baya garin nan ya samu abin yi. Mutum zai tare ni a masallaci ya ce, Ummaru ya mai jiki? Mata suna aiko yara da kunu wai a kai wa majinyaciya. A ɗakin Na-Allah aka kwantar da ita, kullum da safe sai ya gaishe ta ya tambaye ta kwanan ciwo. Ni kuma ina ta shiri. Na fasa gidan zanzaro na kakkaɓe, na sassaƙa sabon kunne da itacen ƙirya, na je wurin mai gyaran babur na karɓo tsofaffin wayoyin birki na warware su, na zaɓi masu kauri da sirara yadda Kofur ya taɓa nuna mini. Amma raina bai kwanta ba, domin a zaure har lokacin Sani ake kira. Ban sani ba ko Baba ya sauko ne, ko kuwa sharaɗin gado kawai ya cika, in ya sallami majinyaciya ya sallame ni tare da ita.

Ranar kwancewa Gwaggo ta zo tun da safe da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce tukwicin mai ɗori ne. Aka fito da jita zaure. Baba ya zare tsinken ɗaya bayan ɗaya, ya bar naɗin fatar don ta riga ta zama ɗaya da itacen. Ya danna wurin, ya ɗaga ta ya duba ta tsawonta da ido ɗaya, ya ce ta kama, a ɗauke ta.

“A'a,” in ji Gwaggo. “Yaushe aka sallamar majinyaci gidan ga bai taka ba?”

Wannan karon Baba bai ko yi gardama ba. Ina jin ya san da zuwan tambayar.

“Ummaru, sa ta ta taka mu gani.”

Na ɗaura wayoyin ina addu'a a zuci, ina murɗa kunnuwan a hankali, kowane murɗi ina jiran in ji ƙas. Ba ta karye ba. Na ja tsarkiyar farko, muryar nan da na ji a kasuwar Jega ta fito, ta cika zauren. Sai da idona ya kawo ruwa. Na fara da taken daka, yatsuna suna tuntuɓe, can suka tuna hanya. Mata suka taru a bakin ƙofar cikin gida, na jiyo guɗar uwarku, Gwaggo tana kaɗa kai tana tafi da yatsu biyu.

Ranar kuwa ita ce ranar sake ɗaurin Na-Allah. Duk girman jikin mutumin nan, in za a taɓa ƙafarsa sai an tara maza sun danne shi, yana ihu yana kiran uwarsa har makwabta su leƙo. Ina cikin kiɗa na hangi Baba ya zagaya ta gefensa ya tsuguna. Na-Allah ya lumshe ido yana bin taken da baki, yana buga cinyarsa mai lafiya. Baba ya kwance, ya gyara, ya mayar ya ɗaure, ya koma wurinsa ya zauna. Da na tsaya, Na-Allah ya buɗe ido ya ce to Malam, a kira masu riƙo a yi abin da za a yi a gama. Aka nuna masa ƙafarsa da sabon ɗauri. Ya dube ta, ya dubi Baba, ya ce wallahi wannan zalunci ne, an hana shi kukansa na yau.

Bayan la'asar, da mutane suka watse, Baba ya kira ni ɗakinsa.

“Ka ji sharaɗina,” in ji shi. “Ba ta hita gidan ga. Ba buki, ba suna, ba ka wasa kowa, ba a liƙa maka ko kwabo. Ta majinyata ta. In ka yarda, miƙo hannunka. In ba ka yarda ba, ɗauki abinka, ban yi hushi ba.”

Na miƙa hannuwana biyu. Ya jawo kaina ya karanta mini addu'ar a kunne, ya maimaita har na riƙe, sannan ya tofa mini a tafi ya haɗe su da nasa. Na fito ina kuka kamar yaro, na tarar da Sani a zaure, shi ya fara rungume ni.

Kada ku ce sharaɗin bai ci mini komai ba. A shekarar wasu samari a Jega suka haɗa ƙungiyar kiɗa, suka zo har gida suna roƙona, don lokacin sabuwar jiha ko'ina biki ake yi kuma masu jita ba su da yawa. Na ce musu a'a. Daga baya na ji su a rediyo, mai jitarsu ko rabina bai kai ba, na kashe rediyon na fita gona ban yi wa kowa magana ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma da na dawo na tarar an kawo wata yarinya da karayar hannu tana ta kuka, na ɗauko jita, kafin a gama ɗorin tana dariya. Ban sake kashe rediyo don su ba.

Kakanku bai taɓa cewa yana son kiɗa ba, har ya koma ga Allah. In wani ya tambaye shi sai ya ce shi bai gaji roƙo ba. Sai dai lokaci-lokaci, in rana ta yi sanyi zaure ya yi shiru, zai gyara zama ya ce, “Ummaru, ɗauko majinyaciyar nan mu gani ko ɗorin ya riƙa.” In ɗauko, ya shafa wuyan, ya ce to ta taka. In yi ta kaɗawa yana jingine da bango ido a rufe, babban yatsan ƙafarsa yana motsi a ƙarƙashin riga yana zaton ba na gani. In na gama ya ce da saura, a dawo da ita wani makon. Shekara da shekaru ana duba karaya ɗaya, ba a taɓa majinyacin da ya daɗe a hannunsa kamar ta ba.

A ciwonsa na ƙarshe, da ya kasa fitowa zaure, ya sa na kai masa ita ɗaki. Hannunsa ya yi rauni, ni na ɗora masa shi a kan naɗin fatar. Na kaɗa masa taken daka a hankali. Da na tsaya na jira ya ce da saura, sai ya buɗe ido ya yi murmushi.

“Ya riƙa,” in ji shi. “Na sallame ta.”

Don haka ku daina cewa za ku kai ta birni a cire mata wannan baƙar fata a yi mata gyaran zamani. A gidan nan wanda ya ɗaure shi ke kwancewa, kuma wanda ya ɗaura wannan ya tafi.